Tafiyar ƙafa a ƙarshen kaka daga Legas: Lekki da Epe, Ado-Awaye, Erin-Ijesha ko Idanre?

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa wajen goma ga Disamba, ƙasar Yarbawa tana shiga wani yanayi da ba ya daɗewa. Ruwan sama ya ɗauke ko ya koma yayyafi jefi-jefi, amma daji bai bushe ba tukuna. Rafuka na ɗauke da ragowar ruwan damina, taɓo ya fara tsanewa a hanyoyin gona, hazon hunturu kuma bai sauko ya rufe duwatsu ba. Mazaunin Agege, Mile 12, Idi-Araba ko Alaba Rago, wanda shekara ta zagayo ƙafarsa ba ta taka komai ba sai kwalta da siminti, idan yana son ya yi tattaki a bakin ruwa ko ya ratsa ƙauyukan gindin dutse, wannan ne lokacinsa. Da an shiga makon Kirsimeti kuɗin mota da na masauki sun tashi, hanyoyi sun cushe. Da Janairu ya kama, ƙura ta rage nisan da ido ke iya kaiwa.

Sai dai babu wuri ɗaya kusa da Legas da ya haɗa tafki da fadama da ƙauyukan kan dutse gaba ɗaya. Kowanne zai ba ka ɗaya ko biyu, ya hana ka sauran. Wurare huɗu ne suka cancanci a auna: fadamar Lekki haɗe da bakin ruwan Epe, dutsen Ado-Awaye a Jihar Oyo, ruwan Erin-Ijesha a Osun tare da Ikogosi a Ekiti, sai duwatsun Idanre a Ondo.

Abin da za a auna

Na farko kwanaki. Mai shago ko ɗan kasuwar gwari da ba ya iya rufe harkarsa fiye da yini ɗaya, zaɓinsa ya riga ya ragu kafin ya fara tunani. A wannan lokaci rana tana fitowa bayan shida da rabi na safe, ta faɗi wajen shida da rabi na yamma, kuma duk lissafin tafiya a tsakanin nan ya kamata ya tsaya, domin ba a son dare ya riski baƙo a kan hanyar daji.

Na biyu kuɗi. Farashi yana bin kuɗin mai, yau daban gobe daban, saboda haka abin da ya fi amfani shi ne sanin inda kuɗin ke zuwa. Kuɗin ƙofa a duk wuraren nan shi ne mafi ƙanƙanta. Abin da ke cin aljihu mota ce da masauki, sai ɗan jagora. Mutum huɗu da suka haɗa mota ɗaya da jagora ɗaya da ɗaki biyu sun fi mai tafiya shi kaɗai sauƙi nesa ba kusa ba.

Na uku ƙarfin gwiwa, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗin kansu. Wanda ke yini a tsaye a kasuwa yana ganin hawan dutse ba komai ba ne, alhali tsayuwa daban, hawa daban, sauka kuma ta fi duka wahalar da gwiwa.

Na huɗu ɗorewa: har zuwa yaushe wurin ke riƙe kyansa idan rani ya matsa, kuma wane hali matakala da gadojinsa suke ciki. Na biyar haɗari, na ruwa da na dutse da na hanya. Na shida, wanda masu tallan yawon buɗe ido ba su cika ambata ba, wurin salla da abincin da hankali zai kwanta da shi.

Lekki da Epe: fadama ba tare da kwana ba

Cibiyar kare daji ta Lekki tana kan babbar hanyar Lekki zuwa Epe. Gidauniyar kare muhalli ta NCF ce ta kafa ta a 1990, faɗinta kadada 78, kuma ita ce ragowar irin dajin fadamar da ya taɓa rufe wannan yanki kafin gine-gine su cinye shi. Ana ratsa ta ne a kan doguwar gadar katako da aka ɗaga sama da ruwa, tsakanin tukurwa da manyan itatuwa masu saiwa a cikin laka. Akwai kuma gadar sama mai tsawon mita 401 wadda ke lilo tsakanin hasumiyoyi, kuɗinta daban da na shiga. Ba a hawanta idan ana ruwa, kuma akwai ƙa'idar shekaru ga yara, don haka mai iyali ya tambaya a ƙofa kafin ya yi wa yaro alkawari.

Tafiyar ba ta da tudu ko kaɗan. Tsoho mai sanda da mace mai goyo duk za su iya, a hankali, cikin awa biyu. Abin da ke ɓata ta shi ne zuwa a makare. Wanda ya baro Agege bayan bakwai na safe zai ƙare rabin yininsa a gosulo, ya iso rana ta take, tsuntsaye sun yi shiru, 'yan makaranta da masu ɗaukar hoto sun cika gadar. A fita da an idar da sallar asuba, a tsallake gadar Third Mainland kafin ta cika, a kasance cikin na farkon shiga. Ranar aiki ta fi Asabar da Lahadi.

Abu biyu za a kiyaye. Katakon da ya kwana da raɓa yana da santsi, kuma a wurin da ruwa ke jiƙa shi shekara da shekaru ba a rasa allon da ya sassauta, sai a riƙa duba inda ake taka ƙafa. Sannan birai. Sun saba da mutane har sun san ƙarar leda. Da sun ji ta sai su sauko. Abinci ya zauna cikin jaka a zuge, kada yaro ya riƙe biskit ko ayaba a hannu. Idan biri ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na kusan minti 15, a nufi asibiti a ranar.

Lekki kaɗai ba za ta ƙosar da mai son buɗaɗɗen ruwa ba, domin daji ne rufaffe, kuma ƙarar motoci tana biyo ka har ciki. Shi ya sa ake haɗa ta da Epe, tsohon garin masunta a bakin lagun, wato faffaɗan ruwan da ke kwance a bayan gaɓar teku, inda ruwan kogin Osun ke sauka. A can akwai bakin ruwa mai faɗi da za a bi da ƙafa, da kasuwar kifi ta Oluwo wadda galibin masu ciniki a cikinta mata ne, da kwale-kwalen da ke shiga da baƙi cikin lungunan ruwa, inda zalɓe ke tsaye a kan saiwoyi, shirwa na shawagi a sama. Daga Mile 12 ana iya bi ta Ikorodu da Itoikin, daga Lekki kuma a miƙe ta Ajah. Haɗa biyun a yini ɗaya yana yiwuwa ga mai motar kansa, amma da gajiya. Raba su Asabar biyu ya fi.

Haɗarin Epe yana cikin kwale-kwale. Kada a shiga sai da rigar kariya daga nutsewa, kowa da tasa, a ɗaure, ba a rataye a kafaɗa ba. Kada a yarda a ƙara mutum bayan jirgi ya cika, kuma a dawo gaɓa tun da sauran rana. A watannin nan ne ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure ke mamaye lagun, tana naɗe farfelar inji ta tsayar da jirgi a tsakiyar ruwa, don haka a tambayi matuƙi ko hanyar a buɗe take. Sauro kuwa yana fara aiki tun kafin magariba. Ta fannin salla babu damuwa: Epe gari ne mai Musulmi da yawa, masallatai ko'ina, kifi kuma ba ya buƙatar tambayar wa ya yanka.

Ado-Awaye: tafki a kan dutse

Wannan shi ne ya fi kusa da haɗa komai, kuma shi ne zan fi ba wa mai kwana biyu shawara. Garin yana ƙaramar hukumar Iseyin, a yankin Oke-Ogun, inda kurmi ya fara sakin jiki ya koma dajin ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɗan Arewa zai ji idonsa ya huta a nan: gonakin doya da rogo da masara, itatuwan kashu, falalen duwatsu na fitowa daga ƙasa kamar a kudancin Kaduna.

Hanyarsa ma ta fi daɗi, saboda jirgin ƙasa. Layin Legas zuwa Ibadan, mai kilomita 157, ya fara jigila sosai a 2021. Yana tashi daga tashar Mobolaji Johnson a Ebute Metta, yana tsayawa a Agege, ya wuce Abeokuta, ya sauke a tashar Obafemi Awolowo da ke Moniya. Moniya kuwa ita ce bakin hanyar Iseyin, kilomita 65 da aka sake ginawa aka buɗe ita ma a 2021. Ke nan mutum ya tsallake gosulon Berger da Kara, ya tsallake tsakiyar Ibadan. Jirgin ba ya tashi sau da yawa a rana, sai a san lokacinsa a tanadi tikiti tun da wuri. Daga Iseyin zuwa Ado-Awaye bai kai awa ɗaya a mota ba.

Tsarin da ya fi aiki shi ne a isa Iseyin da la'asar, a kwana, a kasance a gindin dutse kafin bakwai da rabi na safe. Hawan yana farawa da matakala sama da ɗari uku, daga nan sai tafiya a kan falalen dutse, wani wuri shimfiɗaɗɗe, wani wuri da ɗan tsayi har sai an sa hannu. Zagayen gaba ɗaya, da hutawa, awa uku zuwa huɗu ne. Dalilin sammako ba sanyin safiya ba ne kawai. Dutsen ba shi da inuwa sosai, yana shan rana yana mayar da zafin ta ƙasa, daga ƙarfe sha ɗaya tafin takalmi ma ɗumi yake yi. Masu suma da masu ciwon kai galibi waɗanda suka fara hawa da hantsi ne da 'yar gorar ruwa ɗaya.

A faɗi gaskiya kan tafkin da ake kira Iyake: ƙarami ne. Wanda ya zo da hoton babban ruwa a ransa zai ga kududdufi ne mai zurfi a cikin kwarmin dutse, ana zagaye shi cikin 'yan mintuna. Abin mamakinsa shi ne inda yake zaune, can sama, da cewa mutanen garin sun shaida ba ya ƙafewa ko da rani. Abin da ya biya wahalar hawa shi ne tsayawa a gefensa ka duba ƙasa: rufin kwanon garin da ya yi tsatsa, gonaki a yanke-yanke, hayaƙin girki na tashi daga ƙauyuka, wasu duwatsun a jere har inda ido ya ƙare. Wannan kallo shi ne hazo ke fara ɗaukewa, shi ya sa Nuwamba ta fi Janairu.

Tarihin bakan garin ya ce a kan dutsen mutane suka fake lokacin hare-haren Dahomey, kuma har yanzu wasu wurare a sama, har da tafkin da wani ƙaton dutse da ake kira Ishage, masu addinin gargajiya suna girmama su, za ka ga farin ƙyalle a ɗaure. Babu wanda zai tilasta maka komai. Ka wuce abinka da ladabi, kada ka taɓa, kada ka yi ba'a, kada kuma ka shiga ruwan. An hana, kuma gefensa yana da santsi.

Mai son babban ruwa sai ya ƙara da madatsar Ikere Gorge a kan kogin Ogun, arewa da Iseyin. A nan ne ake samun ainihin tafiyar bakin tafki, ruwa shimfiɗe tsakanin tuddai da jiragen masunta. Hanyarta ba kamar ta Moniya ba ce, a tambayi direbobin tasha halin da take ciki kafin a ɗauki shata, a kuma yi ciniki na zuwa da jira da dawowa gaba ɗaya, domin samun mota daga can ba tabbas. Kada a yi wanka ko a tsoma ƙafa: kwantaccen ruwan daɗi mai dodon koɗi shi ne gidan tsargiya, ƙwayar cutar ta fata take shiga ba sai an sha ba. Alwala da ruwan gora.

Iseyin gari ne na Musulmi da masaƙa, a nan ake saƙa aso-oke, za ka ji ƙarar masaƙa daga cikin lunguna. Salla da abinci ba matsala. Akwai dai maganar da ya wajaba a faɗa. Tun rikicin 2021 a yankin Ibarapa, wanda ke maƙwabtaka da nan, da na kasuwar Shasha a Ibadan, mutanen karkara suna sa ido sosai kan baƙin da suka gani a daji, kuma jami'an Amotekun (rundunar tsaro ta jiha) da 'yan sintirin gari suna tsayar da mutane su yi tambaya. Ayarin samari masu magana da Hausa da aka gani suna ratsa gona ba tare da ɗan gari ba zai iya jawo fahimtar da ba ta dace ba. Maganinsa mai sauƙi ne: katin shaida a aljihu, jagora ɗan garin, gaisuwa ga duk wanda aka tarar a gona, babu adda ko wuƙa a jaka, babu tsinkar kashu ko rake. Idan akwai Sarkin Hausawa a garin da aka sauka, a je a gaishe shi a faɗa masa inda aka nufa. Wannan shawara ta shafi Erin-Ijesha da Idanre ma.

Erin-Ijesha da Ikogosi: ruwa mai gudu da ƙauyukan kwari

Nan babu tafki, ruwan duk mai motsi ne. Olumirin, kamar yadda mutanen wurin ke kiransa, yana zubowa daga kan tudu hawa bakwai, a ƙaramar hukumar Oriade, kusa da hanyar Ilesa zuwa Akure. Daga Ojota ana samun mota zuwa Ilesa ta Ibadan da Ife, awa huɗu zuwa biyar idan hanya ta yi kyau. A farkon Disamba akan yi manyan tarukan coci a sansanonin da ke kan babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, wanda ya faɗa cikin cunkosonsu zai iya asarar rabin yini, sai a bincika kafin a sa rana.

Hawa na ɗaya da na biyu akwai matakala, kowa na iya kaiwa, kuma a nan mafi yawan mutane ke tsayawa su sha feshin ruwa. Daga na uku labari ya sauya: babu matakala, sai kama saiwa da dafa dutse. A can ƙoli akwai ƙauyen Abake, wajen iyakar Ekiti, zuwa da dawowa aikin yini ne, kuma ba a yinsa ba jagora. Faɗuwa a wannan wuri kusan kullum dalilinta ɗaya: gansakuka. Dutsen da feshi ke jiƙawa yana yin koren santsi kamar an shafa karkashi, silifas kuma ba ya riƙe shi. A taka inda dutse ya bushe ya yi kaushi, a tabbatar hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, suna riƙe kafin a motsa.

Cikin wuraren huɗu wannan ne ya fi saurin rage kyau. Ƙarfin ruwan na damina ne, kowane mako na rani yana rage shi, don haka mai niyya ya je a Nuwamba.

Abin da ya sa ya cancanci kwana biyu ko uku shi ne ƙasar da ke bayansa. Tsakanin Erin-Ijesha, Efon-Alaaye, Ipole-Iloro mai ruwan Arinta, da Ikogosi inda marmaron ɗumi da na sanyi ke haɗuwa, hanya tana lanƙwasa ne cikin kwari da tudu, ƙauyuka a maƙale a gindin duwatsu. Lokacin girbin koko ne, za ka tarar an shanya shi a bakin titi yana tashin tsami-tsami, mata na ɓare goro suna jera shi cikin ganye, irin goron da ke ƙarewa a kasuwannin Arewa. Tafiyar ƙafa daga ƙauye zuwa ƙauye da safe a wannan yanki ita ce mafi daɗi a duk jerin nan. Tsadarsa a masauki take, musamman a wurin shaƙatawar Ikogosi. Kwana a Ilesa ya fi sauƙi. Masallatai ba su kai na Iseyin yawa ba, kuma gidajen abinci suna sayar da naman daji, sai a tambaya, ko a tsaya kan kifi da ƙwai da wake, ko a nemi 'yan uwa masu tsire su nuna wuri.

Idanre: na masu ƙarfi

Idanre ta fi su nisa, ta fi su kwarjini. Garin yana zaune a cikin kwari, manyan duwatsu sun yi masa zobe ta ko'ina, kudu da Akure. Tafiyar awa biyar zuwa shida ce daga Legas, ta Ilesa ko ta Ore da Ondo, don haka kwana uku ne: zuwa, hawa, dawowa. Matakala sun haura ɗari shida, da wuraren hutawa biyar. A sama akwai tsohon gari, Oke-Idanre, inda mutane suka zauna ɗaruruwan shekaru kafin su fara saukowa a shekarun 1920. Tsohuwar fadar Owa, wato sarkin garin, tana nan, da tsohuwar makaranta da kotu da gidajen ƙasa, da rafin Arun mai sanyi. Tun 2007 wurin yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya.

Ruwa kaɗan ne a nan, fadama babu. Amma duwatsu ba sa ƙafewa, don haka ko a Fabrairu wurin yana nan, hazo ne kawai zai rage kallo. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko asma, da mai ciwon gwiwa su nemi shawarar likita tukuna. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsere a matakala ɗari biyu na farko, sai numfashi ya ƙare, cinya ta ɗaure. A hau da saurin da mutum zai iya magana ba tare da haki ba, a zauna a kowane wurin hutawa ko ba a gaji ba. Wajen sauka a gajarta taku, a ɗan karkata jiki, sanda tana gaba.

| Wuri | Kwanaki | Kuɗi | Wahala | Ɗorewar kyau | Babban haɗari | Salla da abinci |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Lekki da Epe | Yini 1 ko 2, ba kwana | Mafi araha | Kaɗan | Duk shekara | Kwale-kwale, birai, sauro | Da sauƙi |
| Ado-Awaye da Ikere | 2 | Matsakaici | Matsakaiciya | Har hazo ya sauko | Zafin dutse, tsargiya | Da sauƙi |
| Erin-Ijesha da Ikogosi | 2 zuwa 3 | Da ɗan tsada | Kaɗan a ƙasa, mai yawa a sama | Yana raguwa da rani | Santsi | Sai an tambaya |
| Idanre | 3 | Mafi tsada a mota | Mai yawa | Duk rani | Gajiya, gwiwa, doguwar hanya | Sai an tambaya |

Kayan da ke raba daɗi da wahala

Takalmi ne kan gaba. Kambas mai tafin roba mai zane, wanda ƙafa ta saba da shi. Sabo fil yana fitar da bororo kafin awa biyu, tsoho wanda gam ɗinsa ya gaji kuma tafinsa yakan ɓalle a kan dutse mai zafi. A lanƙwasa shi a gida a gani. Safa mai kauri, da ɗaya a jaka. Ruwa lita biyu ga kowane mutum a Lekki da Ado-Awaye, lita uku a Idanre da saman Erin-Ijesha, da ƙullin gishirin ORS biyu. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko kilishi sun fi burodi, ba sa lalacewa kuma ba su da nauyi. Hula, 'yar darduma mai naɗewa, fawa-banki, da tsabar kuɗi ƙananan canji, domin sabis yakan ɗauke a gindin dutse, turawa ta waya ta ƙi tafiya. Wando da riga sun fi doguwar riga wajen hawa. Mata su sa wando a ƙarƙashin hijabi wanda bai kai ƙasa ba, kada ƙafa ta harɗe. Iseyin, Ilesa da Idanre duk sun wuce nisan da ake yin ƙasaru.

Ciyawa tana da tsawo a ƙarshen damina, macizai kuma suna fitowa shan hantsi a kan duwatsu. Kada a sa hannu a kogon da ido bai gani ba. Idan tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure wuri tamau da igiya. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Wa ya kamata ya je ina

Mai iyali da ƙananan yara, da wanda zai fita da iyaye tsofaffi, da wanda Lahadi kaɗai yake da ita: Lekki da sassafe, Epe a wani makon. Wanda bai taɓa hawan dutse ba kuma yana son ya gwada kansa ba tare da ya kashe kuɗi da yawa ba, ko wanda ba ya son doguwar tafiyar mota: jirgin ƙasa zuwa Moniya, kwana a Iseyin, Ado-Awaye da safe, Ikere idan lokaci da hanya sun ba da dama. Ango da amarya, ko abokai masu motar kansu da ke son ƙauyuka da inuwa fiye da kallon nesa: Erin-Ijesha da Ikogosi, amma kafin Nuwamba ta fita. Samari masu ƙarfi da masu son tarihi, waɗanda za su iya ba da kwana uku: Idanre, kuma cikin masu hawan dutse su ne kaɗai za su iya ɗage tafiyarsu zuwa bayan sabuwar shekara ba tare da babbar asara ba.

Wanda kuwa tsuntsaye da shimfiɗaɗɗiyar fadama ne ainihin abin da ransa ke so, kuma dama zai je gida a Disamba, ya ajiye kuɗinsa. Dausayin Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, ya fi duk abin da ke kusa da Legas ta wannan fanni. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai ke sauka a can, su haɗu da dinya da kirinjijiya a kan ruwan da ambaliya ta bari. A nemi masunci ɗan yankin ya yi jagora, a tambayi halin tsaro da na kacalla da ke toshe hanyoyin ruwa, a fita da jirgi tun kafin rana ta ɗaga.